Ƙulli a Kan Mbula

Asabar, da an sallame asuba,
na busa usur a filin firamare a Dass.
Su goma sha bakwai suka fito,
'yan sikawut ɗina,
ƙyallen wuya a karkace, barci bai gama sakin ido ba,
wani da takalmin yayansa, ya cika shi da takarda.

Na ce: yau Mbula za mu gaisar.
Dutse ba ya zuwa gaisuwa, sai a je masa.
A miƙe jijiya tukuna, a taka a hankali,
ba a tsere da abin da ba ya gudu.

Cindo bai ji ba.
Ya yi gaba kamar an kwance ɗan akuya.
Ba mu kai rabin hawa ba
muka tarar da shi zaune a kan falali,
leɓe ya yi fari, gwiwa na kaɗawa.
Da me ka karya?
Ya nuna robar lemo da ledar biskit.
Na ce: yaro, wutar kara ka hura,
ta yi bal-bal, ta bar ka da toka.
Mai doguwar tafiya gungume yake sa wa murhu.

Muka kwance ƙunshi a inuwar ɗorawa.
Habila ya zo da gwaten acca,
Jatau da kwaɗon zogale, ƙuli-ƙuli ya ji a ciki,
ga dafaffen wake,
ga gwaiba biyar da wuƙa za ta yi wa adalci.
Na ce: kada ku raina tukunyar gida.
Wake ke gina tsoka, hatsi ke riƙe ƙafa,
ganye ba na akuya kaɗai ba ne,
ruwa kuwa a sha shi tun ƙishi bai yi sallama ba.
Cindo ya ci, ya sha, ya yi gyatsa,
surutu ya dawo masa.

Amma Tanimu bai ci ba.
Tun Laraba nake lura da shi:
ya ci farce har ya kai nama,
jarrabawa saura mako biyu,
babansa na kwance a asibiti a Bauchi.
Ban tambaye shi komai ba.
Na zaro igiyar da ta cukurkuɗe a jakata,
na ce: kwance mini.
Ya ja, ta tamke. Ya fizga, ta ƙara tamkewa.
Na ce: ƙulli ba ya jin ƙarfi.
Sassauta.
Ja iska ta hanci, ƙirga huɗu,
riƙe ta kamar ƙwai a tafin hannu,
sake ta kamar mai hura kunu.
Sau biyar ya yi.
A na shida igiya ta saki,
bakinsa ma ya saki.
Ya faɗi abin da ya faɗa, na ji abin da na ji,
sauran yana tsakaninmu da ɗorawa.
Habila ya matso ba a kira shi ba,
ya tura masa kwanon acca.

Saura kaɗan mu kai ƙololuwa
nawa ya same ni.
Shekara hamsin da takwas, ga hawan jini,
ga kuɗin haya da nake ta lissafi tun daga ƙasa.
Ƙirji ya ɗau kiɗa, na dafa dutse,
na ce takalmi nake gyarawa.
Sai ga ƙaramin hannu a kafaɗata.
Malam, in ji Tanimu, ta hanci.
Ƙirga huɗu.
Kamar ƙwai.

Na bi umarni.

Daga sama Dass ta zama faifai,
fadamun shinkafa kore shar,
babura kamar tururuwa a kan titi.
Ba wanda ya yi jawabi.
Cindo ne kawai ya tambaya ko wake ya saura.

Da dare, da zan rataye usur,
na tarar da igiyar nan a jakata
an naɗe ta tsaf,
da ƙulli ɗaya tak a bakinta,
irin wanda yatsa guda ke warwarewa.